Injin da Ba Ya Jure Zafi

Har zakarun unguwar Mahuta suka gama cara Nathan bai runtsa ba. Yana kwance rigingine, wayarsa a kan ƙirji, ya buɗe hoton nan da aka turo masa ya rufe har ya daina ƙirgawa. Hoton falon Baba Joseph ne, mahaifin budurwarsa Damaris. An ture kujeru gefe guda, a tsakiya ga injin surfani mai kai biyu, fari tas, an ɗaura masa jan ƙyalle kamar abin da za a kai coci godiya. A gefensa Clinton ne tsaye, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya a kan injin, yana murmushin mutumin da ya riga ya san sakamako.

Ba girman kyautar ne ya hana shi barci ba. Clinton yana da tankokin mai uku da ke lodi a Rido, kuma tun da ya fara zarya gidan su Damaris bai taɓa zuwa hannu wofi ba. Da mota ya kai, da Nathan ya ji zafi ya haƙura. Amma inji ya kai, kuma ba kowane inji ba. Mai kai biyu ne, allura goma sha biyu a kowane kai, daidai da wanda Nathan ya rubuta da hannunsa a shafin farko na wani littafi mai shuɗin bango. Mutum biyu kaɗai suka san da littafin, kuma yana hannun ta biyun, Damaris.

Shekara biyu suka yi suna cika shi. Nathan ya karanta fasahar tufafi a jami'a, ya gama, ya yi hidimar ƙasa, ya yi yawon neman aiki har takalmansa suka cinye. Abin da ya rage masa shi ne kwamfutarsa, wadda yake zana dizayin surfani a kanta yana sayar wa masu shaguna a hayin kogi. Damaris kuwa tela ce mai hannu. Sun yi alkawari cewa ran da injinsu ya tsaya a shagonsu, ran nan kawunnansa za su taka zuwa gidan Baba Joseph. Har ya kama shago a bakin titin Mahuta, yana nan fayau, ba komai a ciki sai tebur da benci.

Baba Joseph bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba. Wata Lahadi bayan sujada, a harabar coci, a gaban dattawa huɗu, ya dubi Nathan ya ce, “Ubanka ya bi zare shekara ashirin da biyar a masaƙar Kakuri. Da aka rufe ta, me ya fito da shi? Kai kuma da digirinka zaren za ka bi. 'Yata ba za ta ci zare ba.”

Mahaifin Nathan yana kabari shekara shida a lokacin. Maganar ta zauna wa Nathan a ƙirji ta yi saiwa.

Yanzu ga shi mutumin da ya rantse 'yarsa ba za ta ci zare ba ya share falonsa saboda injin zare, don kawai daga hannun mai tanki ya fito. An ma sa rana. Asabar mai zuwa dangin Clinton za su zo gaisuwar iyaye, kuma a gaban dattawan ikilisiya da matan Zumunta za a kunna injin, kowa ya ga irin mijin da ke tunanin makomar matarsa.

Wa ya gaya wa Clinton? Da wannan tambayar gari ya waye masa.

Da hantsi ya shiga motar haya zuwa Kakuri, shagon Malam Sani. Malam Sani dattijo ne mai gyaran injunan surfani da sayar da na hannu, kullum yakan tsallako gada ya buɗe shagonsa kafin ƙarfe takwas. Wata shida Nathan yana zuwa wurinsa, yana tambaya, yana gwadawa, har dattijon ya riƙa ajiye masa kujera.

Yana shiga idonsa ya faɗa kusurwar dama. Babu komai a wurin sai tabon ƙafafu huɗu a kan siminti.

Ya san injin da ke tsaye a nan. Wata guda da ya wuce shi da kansa ya nemi a kunna masa shi, don shi ne mai kai biyun da yake mafarki. Malam Sani yana da doka guda a shagonsa, wadda ba ya ɗaga wa kowa: mai saye ya zo da nasa yadin, ya bar inji ya yi awa guda yana aiki, sannan ya juya bayan ɗinkin ya duba. Ran nan injin ya fara kamar ruwa. Da ya kai minti ashirin sai ya ɗauki zafi, zare ya fara tsinkewa, firam ɗin da ke riƙe da yadin ya goce, allura ta tsaya wuri guda tana suka har ta huda yadin ta tara zare a ƙarƙashi kamar sheƙar tsuntsu. Malam Sani ya ce ƙwaƙwalwar injin ce wuta ta taɓa tun a hannun mai shi na farko, kuma irinta ba ta samuwa. Ya ajiye shi ne don cire kayan gyara.

“Malam, ina mai kai biyun?” in ji Nathan.

Dattijon ya ajiye sukurdireba, ya goge hannunsa a hankali. Ya ce wani saurayi ne mai babbar mota ya zo da takarda a hannu, an kwafo masa suna da lamba, ya ce wannan yake so ba wani ba.

“Na gaya masa gaskiya, Nathan. Na ce ranka ya daɗe, wannan gawa ce, minti ashirin yake yi ya haukace. Ya ce minti goma fa? Na ce goma zai yi lafiya lau. Sai ya yi dariya, ya ce ai shi ba ɗinki zai yi da shi ba, aure zai yi da shi.”

Nathan ya zauna a kan kujerar ba tare da ya sani ba.

Malam Sani ya ce a kuɗin ƙarfe ya sayar masa, kuma ya rubuta a rasit cewa injin ba ya aiki. Lambar wayarsa tana manne a jikin injin kamar duk wanda ya fita daga shagon, kuma duk wanda ya kira ya tambaye shi, abin da ya sani zai faɗa. Da ya lura da yadda fuskar Nathan ta sauya, sai ya tambaya ko ya san yarinyar. Nathan ya gyaɗa kai. Dattijon bai ƙara tambaya ba.

Maimakon haka sai ya ja shi wurin wani ƙaramin inji mai kai ɗaya, allura tara, wanda fentinsa ya ɗan koɗe a gefe. Ya sake maimaita masa abin da ya sha gaya masa: mai farawa ba ya buƙatar kai biyu. Wannan injin ko ƙaramin janareta zai ɗauke shi in an ɗauke wuta, kayan gyaransa suna nan a kasuwa, kuma yakan yini yana aiki bai gaji ba. Nathan ya saurara, amma zuciyarsa tana Mahuta. Ya ce zai dawo.

Bai daɗe da komawa shagonsa ba sai ga baƙar mota ta tsaya a ƙofa. Clinton ya fito cikin farar shadda mai ƙamshi, ya tsaya yana duban bangon shagon kamar mai neman inda aka ɓoye kayan.

“Gurajuwet, ina injunan? Ko suna kan teku?”

Nathan ya miƙe ya ba shi hannu, ya nuna masa benci. Clinton ya dubi bencin ya ci gaba da tsayuwa. Ya ce aiki ya kawo masa, don shi ba ya son ya ga ɗan unguwa yana zaman banza. An gaya masa inji ba ya motsi sai an sa masa dizayin, an kuma ce a wannan hayin babu mai hannun Nathan. Fure yake so mai kyau, a tsakiyarsa harafi biyu, C da D.

Ya faɗi haruffan a hankali, yana kallon idon Nathan.

“Amma ƙarami nake so, ka ji? Kamar tafin hannu, kada ya wuce. Ka san dattawa ba su da haƙurin zama. Abin da zai gama kafin a gama raba lemo.”

A nan ne Nathan ya gano wani abu. Mutumin nan da faɗi yake auna lokaci. Yana zaton ƙaramin fure ƙaramin lokaci ne. Bai san cewa inji ba ya kallon faɗi ba, yawan sukar allura yake ƙirgawa, kuma fure mai girman tafin hannu zai iya ƙarewa a minti takwas, zai kuma iya cin kusan awa guda in an cika shi da launi bisa launi.

“Kamar tafin hannu,” in ji Nathan. “Za ka samu ran Juma'a.”

Clinton ya ce ya yi masa mai tsada, kada ya ji tsoro, sannan ya ƙara da cewa in yana da lokaci ran Asabar ya leƙo, akwai shinkafa. Ya fita yana kaɗa makullin motarsa.

Kwana biyu Nathan ya yi a gaban kwamfuta. Bai taɓa yin aiki da irin wannan natsuwar ba. Ya shimfiɗa ɗinkin ƙasa, ya ɗora ganyen fure ɗaya bayan ɗaya, ja mai duhu a gindi, yana haske har ya koma ruwan hoda a baki, ya zagaye shi da ruwan zinariya. Ya yi wa kansa sharaɗi guda: ba zai sa wani aibi a cikin dizayin ba. Duk injin da ke da lafiya zai gama shi tsaf. Tarkon ba shi zai ɗana ba, Clinton ne ya sayo shi da kuɗinsa ya ɗaura masa jan ƙyalle.

Ran Alhamis da la'asar yana gyara gefen harafin D sai inuwa ta rufe ƙofa. Damaris ce, da littafin waƙoƙin coci a hannu, ta ce wa gida ta tafi koyon waƙa. Ta rame a cikin kwana huɗu. Ta buɗe baki za ta gaishe shi, sai idonta ya sauka a kan kwamfutar.

Ta daɗe tana kallo.

“Kai ne za ka zana sunansa kusa da nawa, Nathan?”

“Aiki aka kawo mini. Ni da zare nake ci, ai kin sani.”

“Kwana huɗu ina kiranka ba ka ɗauka. Na zo in gaya maka ba na ci, ba na barci, sai in tarar kana yi mini adon aure da wani.”

Ya juyo da kujerarsa. Duk maganar da ya tara tun daren Lahadi ta taso masa, amma da ta fito sai ta fito a sanyaye. Ya tambaye ta ina littafin nan mai shuɗin bango. Ya ce mutum biyu suka san abin da ke shafinsa na farko, kuma shi bai taɓa zama da Clinton sun yi hira ba. Ya ce yana so ya sani ne kawai, a wace rana ta yanke shawarar cewa mafarkinsu ya fi kyau a aljihun wani.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta ajiye littafin waƙoƙin a kan tebur.

“Ka gama?”

Ya gyaɗa kai.

“To bari in tambaye ka abu ɗaya. Shekara biyu muna gardama a kan injin nan. Wanne nake cewa mu saya?”

Ya mayar da idonsa kan kwamfutar.

“Faɗa mana. Wanne?”

“Mai kai ɗaya,” ya ce a hankali.

“Mai kai ɗaya, allura tara. Na ce maka mai kai biyu girman kai ne, janaretanmu ba zai ɗauke shi ba, kai ka nace ka rubuta shi a shafin farko. Da ni na gaya wa Clinton abin da nake so, wane inji zai sayo?”

Dare huɗu Nathan yana juya tambayarsa ta kowace fuska, da duk karatunsa, bai taɓa juya ta ta wannan fuskar ba.

Ta ce Mama ce ta tsinci littafin a ƙarƙashin katifarta. Ta buɗe shafin farko, ta kwafe abin da ta gani, ta ba Clinton, tana ganin taimakon 'yarta take yi. Ta ce tun daga ran da injin ya shigo, Baba ba ya maganar komai sai shi. Yana cewa ga bambancin mai aiki da mai surutu, wani shekara biyu yana rubutu a takarda, wani kuma kwana biyu ya sauke a falo. Ta yi kuka, ta durƙusa, ta ce ba ta son Clinton, Baba ya ce so ba ya biyan kuɗin asibiti. Ran Asabar in ya karɓi gaisuwar mutanen nan a gaban dattawa, magana ta ƙare.

“Ka yafe mini da na bar littafin inda za a gani. Amma abin da ka zata a kaina, ban san ran da zan manta shi ba.”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ya yi kuskure, kuma ba shi da abin da zai kare kansa da shi. Ta zauna a kan bencin, ta juya masa gefe.

Da ta ɗago, idonta ya sake komawa kan kwamfutar, amma wannan karon ba furen ta duba ba. Kusurwar ƙasa ta duba, inda adadi ke fitowa. Shi ya koya mata karanta wurin.

“Suka dubu talatin da biyu,” ta ce. “A kan ɗan wannan furen? Nathan, wannan ai ya kusa awa guda.”

Sai ya gaya mata komai, tun daga tabon ƙafafu huɗu a shagon Malam Sani har zuwa maganar da Clinton ya yi yana dariya. Da ya kai wurin, ta rufe bakinta da hannu. Ta maimaita kalmomin a hankali, kamar tana ɗanɗana ɗacinsu. Sannan ta miƙe ta ce yanzu za ta je ta gaya wa Baba.

Nathan ya ce ta zauna. Baba zai tambaye ta wa ya gaya mata, in ta ce Nathan, zai ce hassada ce ta ɗan masaƙa. Clinton zai ji, ya turo a ɗauke injin da sunan gyara, ya kawo wani, ya ƙara zama gwarzo. Ya ce mutum irin Baba ba ya gaskata kunnensa, sai idonsa.

Maganar tana da ma'ana, amma Damaris ta daɗe da saninsa. Ta tsaya tana kallonsa har ya kau da kai.

“Ba Clinton kaɗai kake so ya ji kunya ba.”

Bai musa ba.

“Har da Baba. Kana so a gaban dattawan nan huɗu ya sunkuyar da kai kamar yadda ya sa ka sunkuyar.”

“Ya ambaci mahaifina, Damaris. Mutumin da ba ya nan balle ya amsa.”

“Na sani. Ina tsaye a bayan ƙofar coci ran nan, na ji, na kwana ina kuka. Amma ubana ne. In ya gane kai ka shirya wannan, zai iya fasa da Clinton ya kuma ƙi ka har abada. Ka yi tunanin haka?”

Ya yi tunanin haka. Tun ran Talata yake tunaninsa. Ya ce mata hanya biyu ce kawai a gabansa: ya rage sukar ta koma minti takwas, injin ya gama lafiya, a yi tafi, a ɗaura mata aure da mutumin da ya sayo mata gawa. Ko kuma ya bar shi yadda yake. Ya ce in akwai ta uku ta nuna masa.

Ba ta nuna ba. Ta ɗauki littafin waƙoƙinta, ta share fuska da gefen ɗankwali. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce Mama ta riga ta fitar da zaninta na Zumuntar Mata, a kansa za a gwada injin.

“Kada ki yarda,” in ji Nathan. “Masu wannan aikin suna da al'ada. Wanda ya kawo inji, kayansa ake fara sa wa, don albarka ta fara da shi. Ki tambayi kowane mai surfani.”

Ta fita ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba.

Washegari da sassafe ya koma Kakuri da yadi a jaka da filash mai ɗauke da dizayin a aljihu. Ya ce wa Malam Sani a kunna masa mai kai ɗayan. Ya ɗaure yadin a firam, ya sa dizayin, ya ja kujera ya zauna. Minti ashirin suka wuce, talatin, arba'in. Injin yana tafiya da sauti guda, ba hawa ba sauka. A minti na hamsin da uku ya yanke zarensa ya tsaya.

Nathan ya cire yadin ya juya bayansa. Farin zaren ƙasa ya kwanta siriri a tsakiyar kowane layi, ba kumburi, ba ƙulli. Malam Sani ya karɓa ya ɗaga shi wajen haske, ya ce wanda ya zana wannan ba ya wasa. Sannan ya ga haruffan, ya dubi Nathan, ya miƙa masa yadin.

“Shi zan saya, Malam.”

“Tun farko abin da na gaya maka ke nan,” in ji dattijon. Ya ce gobe da rana zai kawo masa da kansa ya kafa.

Da yamma Clinton ya zo karɓar aikinsa. Nathan ya nuna masa furen a kwamfuta, ya ɗora tafin hannunsa a kai don ya ga girman. Clinton ya yi fito, ya ce lallai karatu bai faɗi banza ba. Ya zaro kuɗi, Nathan ya ce ya bar shi, gudummawarsa ke nan. Clinton ya yi dariya har da dafa masa kafaɗa, ya ce haka ake son namiji, mai sanin lokacin da aka fi shi. Ya jefa filash ɗin a aljihun gaba ya tafi.

Nathan ya tsaya a ƙofa har motar ta ɓace. Bai ji daɗi ba, bai kuma ji nadama ba. Abin da ya ji ya fi kama da abin da mutum ke ji in ya gama biyan wani alkawari da ya daɗe a wuyansa.

Ran Asabar da azahar Malam Sani ya iso da injin a bayan a-kori-kura. Suka shigar da shi, suka daidaita ƙafafunsa, suka haɗa shi da na'urar daidaita wuta. Dattijon ya shimfiɗa buzunsa a bayan shago ya yi salla, ya dawo ya zauna a kan benci, ya ce ba zai tafi ba sai ya ga aikin farko. Daga can cikin unguwa ana jin amon ganga da muryoyin matan Zumunta.

Ƙarfe huɗu da minti biyar wayar Nathan ta yi ƙara. Saƙo ne daga Damaris, hoto kawai, ba rubutu. Babbar rigar Clinton ce, farar shaddar nan, an ɗaure ƙirjinta a firam a ƙarƙashin allura. A bayanta ana ganin gwiwoyin dattawa a jere, da hannun Baba Joseph riƙe da sandarsa.

Nathan ya kife wayar a kan tebur. Ya ɗauko wani farin yadi da ya ajiye tun shekarar da suka fara littafin, ya ɗaure shi, ya danna maɓalli. Furen nan ne dai, amma da safe ya cire harafin farko, ya bar wurinsa fili.

Allura ta fara aiki. Ja mai duhu ya fara fitowa a gindin ganye. Gangar cikin unguwa ta ci gaba na wani lokaci, sannan ta yi rauni, sannan ta tsaya.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin da tara wayar Malam Sani ta fara ruri a aljihunsa. Ya ciro ta, ya nisanta ta da idonsa ya dubi lambar, ya ce bai santa ba. Nathan ya tuna lambar dattijon da ke manne a jikin injin da ke falon Baba Joseph.

“Ka ɗauka, Malam,” in ji Nathan. “Abin da aka tambaye ka kawai za ka faɗa.”

Dattijon ya miƙe ya fita bakin ƙofa yana sallama. Nathan ya matso da kujerarsa kusa da injin, ya sa yatsa ya gyara zaren ruwan zinariya da ke jiran layinsa.